Hanyar da ake gardama a kanta, da hanyar da Sakkwatawa ke bi

Duk wanda zai tashi daga Sakkwato zuwa Kano, Abuja ko Legas, zaɓi biyu gare shi: ko ya hau jirgi a filin jirgin sama na Sultan Abubakar III, ko ya shiga mota yana addu'a. Jirgin ƙasa bai taɓa zuwa garin ba. Layin dogon da Turawa suka shimfiɗa daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau, ya tsaya a Ƙaura Namoda a 1929, kuma nan ya tsaya har yau. Sabon layin Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar a 2021 shi ma ta Katsina ya bi.

Sai dai in ka zauna a majalisa ko teburin mai shayi, ko ka leƙa Facebook, ba wannan ake gardama a kai ba. Maganar babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagry ce, mai tsawon kilomita 1,068, wadda gwamnatin Bola Tinubu ta ƙaddamar a watan Oktoban 2024, za ta taso daga Illela ta ratsa Kebbi, Neja, Kwara, Oyo da Ogun har Legas. Magoya baya na cewa mafarkin zamanin Shehu Shagari ne ya tabbata. 'Yan adawa na cewa romon baka ne don zaɓen 2027. Sau da yawa kana jin jam'iyyar mutum ka san abin da zai faɗa tun bai buɗe baki ba.

A ganina hanyar tana da amfani, kuma rashin adalci ne a ce ba ta da shi. Mai albasar da ke loda buhuna daga Goronyo ko Wurno zuwa Kudu ya san abin da kwana ɗaya na jinkiri ke yi wa kayansa. Wanda ya taɓa bin tsohuwar hanyar Tambuwal, Jega, Yawuri zuwa Kwantagora a bayan tirela ba ya buƙatar a yi masa bayani.

Amma fa wannan hanya Kudu ta dosa, alhali ɗimbin tafiye-tafiyen mutanenmu gabas suke yi. Ɗalibin da ke karatu a Zariya, ɗan kasuwar da ke sarin atamfa a Kantin Kwari, ma'aikacin da aka kira Abuja, duk ta Tureta, Talata Mafara, Gusau da Tsafe za su bi kafin su ga Funtuwa. A wannan hanya ramuka ne ƙaramar matsala. Babbar ita ce 'yan bindiga, shi ya sa direbobi ke sammako don su wuce wuraren da ake tsoro da sauran rana, kuma shi ya sa iyali ke riƙe da waya har sai matafiyi ya ce ya sauka. Har yanzu ba a manta da fasinjojin da aka ƙona cikin mota a yankin Sabon Birni a watan Disambar 2021 ba.

Kwalta ko kankare ba sa korar ɗan bindiga. Shi ma jirgin ƙasan da muke ƙorafin rashinsa ba laya ba ne, tunda an kai wa na Abuja zuwa Kaduna hari a watan Maris na 2022. Titi mai kyau yana rage sa'o'in da mutum zai yi a daji, wannan gaskiya ne, amma tambayar wa ke gadin dajin tana nan.

Ga kuma batun aljihu. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo, tikitin jirgin sama kuwa ya fi ƙarfin mai ƙaramin albashi. Nan ne abin ke ci mini tuwo a ƙwarya: manyan da ake wannan gardama dominsu, na gwamnati da na adawa, galibi ta sama suke zuwa Abuja, in sun bi ƙasa kuma da rakiyar jami'an tsaro. Masu kare su a majalisa su ne ke cunkushe a mota, mutum biyu a kujerar gaba.

Yayin da 2027 ke ƙaratowa, 'yan takara za su zo neman ƙuri'a, ciki har da masu son kujerun majalisar tarayya, inda ake amincewa da kasafin manyan hanyoyi da na tsaro. Zan so in ji an tsayar da ɗayansu a gidan rediyo an tambaye shi yaushe rabonsa da bin hanyar Tsafe a motar haya, kuma me ya taɓa gabatarwa a zauren majalisa kan ƙaraso da layin dogo daga Ƙaura Namoda zuwa Sakkwato.