Rarrabe Matsalolin Fasahar Sadarwa a Ofisoshin Gaɓar Tafkin Kainji

A yawancin ofisoshin gwamnati, duk tangarɗar da ta shafi kwamfuta suna ɗaya ake ba ta: "babu sabis". Wannan suna yana lulluɓe matsaloli mabambanta, kuma muddin ba a rarrabe su ba, kuɗin gyara zai ci gaba da faɗawa inda bai dace ba. A ƙananan hukumomin Ngaski, Yauri da Shanga ana iya kasa matsalolin gida huɗu.

Kaso na farko shi ne kayan aiki: lantarki, intanet da na'urori. Madatsar Kainji, wadda aka kammala a 1968, tana ba ƙasa wuta, amma ofisoshin gaɓar tafkin ba su tsira daga ɗaukewarta ba. Maganin wannan kaso kuɗi ne, a sayi sola da batura. Na biyu shi ne ma'aikata. Idan mutum ɗaya ne ya iya sarrafa na'ura, ranar da aka sauya masa wurin aiki sai komai ya tsaya. Horar da mutane da yawa ne maganinsa.

Kaso na uku shi ne bayanai. Lokacin da jirgin ruwa ya kife kusa da Wara a watan Mayu na 2021, rahotanni sun saɓa kan adadin fasinjojin da ke ciki. Kwamfuta ba ta iya ƙirga wanda ba a rubuta sunansa ba, don haka littafin rajista a tashar jirgi ya riga manhaja muhimmanci. Na huɗu shi ne shugabanci, wato sanin wanda alhaki ya rataya a wuyansa. Dokar hukumar NITDA ta 2007 da Dokar Kare Bayanai ta 2023 sun shata ƙa'idoji, sai dai aiwatar da su a Wara ko Yelwa yana buƙatar jami'i sananne da kasafi tabbatacce.

Hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 kan 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi ya ƙara wa batun nauyi. Kaso na farko ne ya fi jan hankalin shugabanni, domin kwamfuta abu ce da ake gani a kuma yi bikin ƙaddamarwa, sauran ukun kuwa ba su ɗaukar hoto. Ya kamata kowace sakatariya ta riƙa rubuta duk tangarɗa ƙarƙashin kasonta har tsawon shekara guda, sannan a gina kasafin gaba bisa abin da rajistar ta nuna.