Cancanta da Adalci a Wajen Ɗaukar Ɗalibai: Darasi Daga Gonakin Kura da Bunkure

Gabatarwa

Matafiyin da ya kama hanyar Kano zuwa Zariya a tsakiyar rani, da zarar ya wuce gadar Tamburawa ya doshi Kura, zai ga ƙasa shar da alkama da tumatir da albasa, alhali an yi watanni rabon sama da zubar da ruwa. Wannan albarka ta samo asali ne daga madatsar ruwa ta Tiga wadda aka kammala a shekarar 1974, a zamanin mulkin Audu Bako. Daga can ake sako ruwa ya biyo babbar magudana, ya rarrabu cikin ƙananan hanyoyi zuwa gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam, a ƙarƙashin kulawar Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Manoman yankin sun san wani abu da ba a rubuta shi a takarda ba: mai gona a bakin magudana yakan sami ruwa da wuri kuma isasshe, shi kuwa wanda gonarsa ke can ƙarshe sai abin da ya rage. Idan lokacin girbi ya yi, babu mai hankalin da zai ƙirga buhunan mutanen nan biyu kawai, ya ce na ƙarshen rago ne.

Irin wannan matsala ce ke tasowa duk shekara a wajen ɗaukar ɗalibai zuwa makarantun sakandare na gwamnati waɗanda ba a shigarsu sai da jarrabawar tantancewa. Gurabe kaɗan ne, masu nema kuwa da yawa, don haka dole a zaɓi wasu a bar wasu. A kan ma'aunin da za a yi wannan zaɓe ne ake taƙaddama.

Makarantun da Ake Magana a Kansu

Makarantun da suka shafi ɗan Kura ko Bunkure iri biyu ne. Na farko su ne kwalejojin Gwamnatin Tarayya, waɗanda ake kira makarantun haɗin kan ƙasa. Tushensu shi ne Kwalejin King's da aka kafa a Legas a 1909 da ta Queen's a 1927. A 1966 aka buɗe wasu guda uku a Sakkwato da Warri da Okposi, sa'an nan bayan yaƙin basasa gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta yawaita su domin 'ya'yan ƙabilu daban-daban su tashi tare. Ta Kano ta fara aiki a 1973. A yau yawansu ya haura 100, kuma hukumar NECO ce ke shirya jarrabawar shigarsu ga yaran da ke kammala firamare.

Na biyu su ne makarantun kimiyya na Jihar Kano, waɗanda aka fara da na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a 1977, lokacin da jihar ke fama da ƙarancin likitoci da injiniyoyi daga cikin 'ya'yanta. Ana tsamo ɗalibansu ne ta hanyar jarrabawa bayan ƙaramar sakandare. Ta Dawakin Kudu ba ta da nisa da gonakin noman ranin nan, amma kusancin hanya bai zama kusancin shiga ba.

Hujjojin Masu Cewa a Bi Maki Kaɗai

A shekarar 2013, jaridun ƙasar nan sun buga mafi ƙarancin makin da aka yanke wa kowace jiha domin shiga makarantun haɗin kai. Daga cikin maki 200, an nemi ɗan Anambara ya kawo 139, ɗan Kano 67, yaro namiji daga Zamfara 4, daga Yobe kuwa 2. Wannan jadawali ya tayar da ƙura, musamman a kudancin ƙasa. Tun kafin nan ma an taɓa kai irin wannan ƙara kotu. A shari'ar da aka fi sani da sunan Badejo, wata yarinya 'yar asalin Jihar Ogun ta sami maki 293 a jarrabawar 1988, amma ba a kira ta ganawa ba saboda makin da aka yanke wa jiharsu ya ɗara hakan, alhali an kira waɗanda ba su kai ta ba daga wasu jihohi. Shari'ar ta kai Kotun Ƙoli, ta ƙare a 1996 ba tare da an warware asalin matsalar ba. A watan Nuwamba na 2014 kuma, a ƙarar da lauya Olisa Agbakoba ya shigar, Babbar Kotun Tarayya da ke Legas ta yanke hukuncin cewa bambanta makin shiga bisa asalin jiha ya saɓa wa sashe na 42 na tsarin mulki, wanda ya hana nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabilarsa ko asalinsa ko jinsinsa ko addininsa.

Wajibi ne a yarda cewa akwai gaskiya a cikin wannan koke. Yaron da aka haifa a Sabon Garin Kano, ya yi firamare a aji ɗaya da 'yan Fagge, malami ɗaya, allo ɗaya, ana auna shi da makin wata jiha mai nisa saboda kawai can kakansa ya fito. Yaro ɗan shekara 11 bai zaɓi inda za a haife shi ba, balle inda aka haifi kakansa. Bugu da ƙari, sauke maki har ƙasa ba gata ba ne ga wanda aka sauke dominsa. Yaron da aka zaunar a ajin da ba zai iya bi ba, an ɗora masa kayan da suka fi ƙarfinsa, su kuma abokansa da suka ci da guminsu an shafa musu kashin kaji, domin za a riƙa kallon kowa daga yankinsu a matsayin ɗan alfarma.

Hujjojin Masu Cewa a Raba Daidai

Su kuma masu goyon bayan ba kowace jiha kasonta suna kafa hujja da sashe na 14(3) na tsarin mulkin 1999, wanda ya tanadi cewa al'amuran gwamnati su nuna fuskar tarayya, kada wasu jihohi ko ƙabilu su mamaye. Wannan ƙa'ida ta shiga tsarin mulki tun 1979. Haka nan sashe na 18 ya ɗora wa gwamnati samar da dama iri ɗaya a fagen ilimi. Suna kuma tunatarwa da tarihi: makarantun mishan sun kafu a Badagiri da Abekuta tun a shekarun 1840, makarantar boko ta farko ta gwamnati a Kano kuwa sai a 1909 Ɗan Hausa ya buɗe ta a Nasarawa. Idan aka ce maki kaɗai, a cewarsu, makarantar da aka gina da dukiyar kowa domin haɗa kan kowa za ta koma ta wani ɓangare. Saboda haka ne a 'yan shekarun nan Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta riƙa bayyana cewa tana ba da kashi 60 cikin 100 na guraben bisa cancanta, kashi 30 bisa daidaiton jihohi, kashi 10 kuma bisa lalura.

Wannan ma hujja ce mai ƙarfi, domin maki ba ya auna basira tsagwaronta. Yana auna basira ne haɗe da irin ruwan da aka ba ta.

Inda Gizo ke Saƙa

Abin da ɓangarorin biyu suka tsallake shi ne, ita kanta jiha ba gona ɗaya ba ce. Jihar Kano tana da ƙananan hukumomi 44, kuma tazarar da ke tsakanin yaron unguwar Nasarawa da yaron wani ƙauye a Bunkure tana iya fin wadda ke tsakanin yaron Nasarawa da na Legas. Na farko yana makarantar kuɗi, yana jin Ingilishi tun daga rabin aji, an saya masa littafin tsofaffin tambayoyi, an ɗaukar masa malamin darasin yamma, mahaifinsa kuma ya san ranar da ake buɗe rajista a intanet. Na biyu yana ajin da ya cika maƙil. Idan lokacin dashen shinkafa ko tsinkar tumatir ya zo, yakan yi kwanaki bai leƙa makaranta ba, domin hannunsa na cikin abin da ke ciyar da gida. Ƙanwarsa kuwa tana taya uwarta turara shinkafa ko tana talla. Sau da yawa ba faɗuwa jarrabawar yake yi ba, ko labarinta ma bai ji ba.

To, idan aka ware wa Kano kasonta, waɗannan yara biyu ne za su yi takara a kansa, kuma sakamakon a bayyane yake. Da sunan ɗan manomi ake neman sassauci, ɗan mai hali ke shiga ta ƙofar da aka buɗe: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ko da an sauko da rabon zuwa matakin ƙaramar hukuma, matuƙar takardar shaidar asali ce ma'auni, matsalar na nan. Yaron da aka haifa a birni, wanda ba ya zuwa Bunkure sai da salla, zai karɓo takardar ya zauna a gurbin wanda ya yi shekara shida a firamaren ƙauyen. Takardar asali tana nuna inda kakan yaro ya fito, ba ta nuna irin makarantar da yaron ya zauna.

Abin da Wasu Ƙasashe Suka Gwada

Ba Nijeriya kaɗai ke wannan muhawara ba. A Amurka, inda batun ya ta'allaƙa da launin fata, Kotun Ƙolin ƙasar ta haramta amfani da launin fata wajen ɗaukar ɗalibai a jami'o'i a watan Yuni na 2023. Amma tun a 1997 Jihar Texas ta yi dokar da ta ba duk ɗalibin da ya fito cikin kashi 10 na sama a makarantarsa damar shiga jami'o'in jihar. A 2020 kuma, shahararriyar sakandaren kimiyya ta Thomas Jefferson da ke Jihar Virginia ta soma ware wa kowace ƙaramar sakandare ta yankinta wani kaso na gurabe domin zaƙaƙuran ɗalibanta. Wasu iyaye 'yan asalin Asiya sun kai ƙara suna cewa an yi haka ne don a rage 'ya'yansu, amma a Fabrairun 2024 Kotun Ƙoli ta ƙi sauraron ƙarar, tsarin ya ci gaba. Ba a ce waɗannan hanyoyi ba su da aibi ba. Darasin da ke cikinsu shi ne, ana iya duba makarantar da yaro ya fito a maimakon jinin da ya fito.

Mafita

Da farko, a ci gaba da ba da mafi yawan gurabe bisa maki, ba tare da tambayar asali ba. Sauran guraben kuwa a raba su bisa makarantar da yaro ya yi, ta yadda zaƙaƙuran firamare da ƙananan sakandaren gwamnati na kowace ƙaramar hukuma za su sami rabonsu, ko ɗan wace ƙabila ne. Yarinyar da ta zo ta ɗaya a ajinta a wani ƙauyen Kura, ba littafi ba lantarki, ta nuna cancantar da ba a saye da kuɗi. Don gudun masu wayo, a sharɗanta cewa yaro ya yi aƙalla shekara uku a jere a makarantar.

Na biyu, a sa mafi ƙarancin maki guda ɗaya wanda ba a sauka ƙasa da shi ga kowa, sa'an nan waɗanda suka shigo da rauni a Ingilishi ko lissafi a shirya musu darussan share fage kafin su shiga aji sosai. Na uku, a kai jarrabawar inda yaran suke: hukumomin ilimi na ƙananan hukumomi su yi wa zaƙaƙuran kowace makaranta rajista, su ɗauki nauyin kuɗinta da na mota. Ƙungiyoyin manoma masu amfani da ruwa, waɗanda suka saba haɗa kuɗin yashe magudana, suna iya sa hannu a nan. Na huɗu, a riƙa liƙa sunayen waɗanda aka ɗauka da makinsu da hanyar da kowa ya shigo, domin guraben lalura kada su zama na masu uwa a gindin murhu.

Duk waɗannan gyare-gyare ne a bakin ƙofa. Babban aikin yana firamare, domin ba a fafe gora ranar tafiya. A watan Yuni na 2024 Gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi. Za a auna nasararta ne da abin da ya isa ajin ƙauye na malamai da kujeru da littattafai.

Kammalawa

Cancanta da adalci ba kishiyoyi ba ne, matuƙar an auna abin da yaro ya yi da abin da aka ba shi. Zalunci ne a hana yaro gurbi saboda jihar kakansa, zalunci ne kuma a haɗa mai gonar bakin magudana da mai gonar ƙarshe a ce a ƙirga buhu kawai. Malamin da aka tura firamaren karkara yana da babban rabo a wannan gyara, domin shi ne mutum na farko da zai gane yaro mai basira, shi zai gaya wa uban cewa akwai makaranta a Dawakin Kudu da ake shiga da jarrabawa, shi kuma zai roƙe shi ya ɗaga wa yaron aikin gona na 'yan makonni ya yi shiri. Idan bai yi ba, da wuya a sami wanda zai yi.