Lafiya Uwar Jiki: Gyambon Ciki Da Magungunan Da Muke Sha Barkatai

 

Abin da ya sa na ɗauko zancen ciwon ciki a wannan wata shi ne abin da ya sami wata maƙwabciyata a nan Sakkwato, uwar 'ya'ya shida. Shekara biyu tana fama da zafi a ƙahon zuci. Duk sanda ya taso sai ta aiki yaro kemis ya sayo mata farin maganin nan na ruwa, ta kurɓa, ya lafa. Ga kuma ciwon gwiwa, wanda take haɗiyar ƙwayar kashe ciwo a kansa kullum da safe tun ba ta karya ba. Ranar da jiri ya kayar da ita a madafi aka kwashe ta zuwa asibiti, sai da aka ƙara mata jini. Ashe kwana huɗu ke nan bayan gidanta baƙi ƙirin kamar kwalta, kunya ta hana ta gaya wa kowa. Likita ya ce gyambon ciki ne ke zubar da jini, kuma ƙwayar ciwon gwiwar ce ta jawo shi. Allah ya sa da sauran shan ruwanta.

Me ke kawo olsa?

Mun taso muna jin cewa yunwa da yaji da yawan tunani ne ke kawo olsa. Gaskiyar magana, waɗannan suna tayar da ciwon ne, amma manyan dalilansa biyu ne.

Na farko wata ƙwayar cuta ce mai suna Helicobacter pylori, wadda ke shiga ciki galibi tun ana yara, ta gurɓataccen ruwa, ko abinci, ko hannun da ba a wanke ba. Wasu likitoci biyu na ƙasar Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, su suka gano ta a 1982. Da abokan aikinsu suka ƙi yarda, sai Marshall ya sha ƙwayar da kansa a 1984, cikinsa ya kamu. A 2005 aka ba su kyautar Nobel a kan wannan aiki. Abin farin ciki a nan, uwargida, shi ne olsa tana warkewa idan an kashe ƙwayar.

Na biyu shi ne magungunan kashe ciwo irin su ibuprofen, diclofenac, piroxicam da aspirin. Hodar Alabukun ma aspirin ce a cikinta. Waɗannan suna raunana majinar da ke kare bangon ciki daga ruwan tsamin da ke narkar da abinci. Mafi haɗari shi ne haɗe-haɗen ƙwayoyin da ake ƙulla mana a leda da sunan maganin gajiya, domin sau da yawa akwai biyu ko uku daga cikinsu a ƙulli ɗaya. Mai olsa, paracetamol ya fi mata sauƙi.

Ki san maganin da ke hannunki

Farin maganin ruwa, irin su Gestid da Mist Mag, yana kwantar da zafi na ɗan lokaci ne kawai, ba ya kashe ƙwayar cuta. Kuma yana hana maganin ƙarin jini da wasu magunguna irin su ciprofloxacin shiga jiki, don haka a sa aƙalla awa 2 a tsakaninsu. Masu zuwa awon ciki, ku riƙe wannan.

Omeprazole yana rage tsamin ciki. Ana shan sa kamar minti 30 kafin karin kumallo. Amma ba maganin da za ki ɗauki watanni kina sha ba ne ba tare da likita ya gan ki ba, domin yana iya ɓoye ciwon da ya fi olsa muni.

Idan gwaji ya nuna kina da ƙwayar, likita zai haɗa miki omeprazole da magungunan kashe ƙwayar cuta aƙalla iri biyu, galibi na kwana 14. Nan ne da yawanmu ke kuskure. Kwana huɗu an ji sauƙi, sai a ajiye sauran, ko a ɗiba a ba kishiya ko maƙwabciya. Ƙwayar da ba ta mutu ba takan dawo da taurin kai. Ki shanye shi tas. Kuma kafin gwajin bayan gida ki gaya wa likita abin da kike sha, domin omeprazole na iya sa gwajin ya nuna babu alhali akwai.

Jiƙon kanwa fa? Yana kwantar da ƙwannafi nan take, amma gishirin da ke cikinsa yana da yawa, ba ya yi wa mai hawan jini, da mai ciwon zuciya, da mai jego kyau. Nono da madara ma sanyin ɗan lokaci suke bayarwa, daga baya ciki ya ƙara zubo tsami.

Mai juna biyu kuwa, ƙwannafi abu ne da aka saba gani, amma kada ta sha komai sai ta tambaya a wurin awo. Akwai maganin olsa mai suna misoprostol da ke zubar da ciki.

Abin da za ki yi a gida

Ki ci kaɗan-kaɗan a kan lokaci. Kada ki kwanta sai tuwon dare ya yi awa 2 zuwa 3 a ciki. Ki rage attaruhu, da soye-soye, da goro, da lemun kwalba idan kin lura suna tayar miki da shi. A wanke hannu da sabulu kafin cin abinci, a tafasa ruwan da ba a yarda da shi ba. Kada ki sayi maganin da ya wuni a faranti cikin ranar Sakkwato, ki kuma duba lambar NAFDAC da ranar lalacewarsa. Kafin azumi ya kama, ki ga likita ya tsara miki shan magani da sahur. Idan ya ce azumi zai cutar da ke, addini ya yi wa mara lafiya rangwame.

Alamomin da ba a kwana da su

Aman jini, ko amai mai baƙin gari-gari. Bayan gida baƙi mai yauƙi da wari. Rama ba dalili, ko abinci yana tsayawa a ƙirji. Ciwon ciki mai tsanani farat ɗaya, ciki ya ƙame. Zafin ƙirji mai tafiya zuwa hannu ko muƙamuƙi tare da gumi, domin ciwon zuciya kan zo da kamar olsa. Haka mai tsohon ciki da ta ji ciwo a ƙahon zuci tare da ciwon kai da kumburin fuska, wannan na iya zama hawan jinin da ke kai ga jijjiga. Duk wanda kika gani, sai asibiti: ga Asibitin Ƙwararru, ga na mata da yara na Maryam Abacha, ga kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

Maƙwabciyata ta warke, ta kuma zubar da ledar ƙwayoyinta. Ke ma yau ki buɗe kwabarki ki duba abin da ke ciki, har da na maigida da na Hajiya. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Sai wata mai zuwa idan Allah ya kai mu.