Akwati Namu, Makulli Nasu

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata 'yar na'ura da ake kira dikoda, wadda yanzu ta shiga gidaje da yawa a ƙasar Gumel.

Bara waccan, da kaka ta yi, mahaifina ya sayar da riɗinsa, ya sayo mana talabijin da faranti da dikoda ta wani kamfani. Muka yi ta murna. Ba a jima ba aka ƙara kuɗin wata. Baba ya ce to, sai mu koma wani kamfanin mai sauƙi. Da ya je wurin mai gyara, sai aka ce masa, "Alhaji, ai wannan dikodar ba ta jin maganar kowa sai ta masu ita. Sai dai ka sayi sabuwa." Yanzu haka tana can ƙarƙashin gado, ƙura ta rufe ta. Na tabbata gidanmu ba shi kaɗai ba ne, daga Gagarawa har Sule Tankarkar.

To, mene ne mafarin wannan al'amari? A shekarar 2006 ƙasashen Afirka da Turai suka ƙulla yarjejeniya a ƙarƙashin Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, cewa za a bar tsohon tsarin watsa hoto a koma na dijital kafin 17 ga Yuni, 2015. Nijeriya ba ta cika wa'adin ba. An soma a Jos a 2016, Kano kuwa sai a 2021. Tsohuwar talabijin ba ta gane sabon saƙon sai da dikoda, watau mai yi mata tafinta.

Nan fa kokawa ta tashi. Masu ƙera talabijin, irin su LG da Samsung da Hisense, suna ƙera akwatuna masu tafintan a cikinsu, don su zama su ne ƙofar shiga gida. Su kuma masu sayar da shirye-shirye, kamar MultiChoice mai DStv da GOtv, da StarTimes wanda ya shigo a 2010 da haɗin gwiwar NTA, suna kulle tashoshinsu, ba mai buɗewa sai dikodarsu. Sau da yawa ma sukan karyar da farashinta, domin sun san ribar tana cikin kuɗin wata. Ka ga ke nan araha ba ta ado. Akwatin naka ne, da guminka ka saya, amma makullin yana aljihun wani. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi!

Kada a ce na yi son kai, su ma kamfanonin suna da hujja. Sukan ce ƙwallon Ingila da muke kallo da tsada suke sayo ta, in ba su kulle ba ɓarayi za su kwashe. Wannan gaskiya ne, kowa ya yi noma ya cancanci ya ci. Amma ana iya kulle shiri ba tare da an ɗaure mai kallo ba. Ku dubi wayar hannu. Tun da ta zo a 2001, waya ɗaya ce, ka cire wannan layi ka sa wancan. Ranar Alhamis a kasuwar Maigatari za ka ga ɗan Damagaram ya sa layin Nijeriya a wayarsa, ya gama ciniki ya mai da nasa. Me zai hana a yi wa dikoda haka, a sauya kati kurum?

An taɓa gwadawa a Amurka. Dokarsu ta 1996 ta nemi a ba mutum damar sayen akwatinsa inda ya ga dama, aka fito da kati, amma abin bai karɓu ba, har hukuma ta janye sharaɗin a 2020. Darasin shi ne, doka ba ta tafiya sai da mai tsare ta. Mu kuwa abin ya fi matsa mana, domin a 2025 kamfanin Canal+ na Faransa, wanda maƙwabtanmu na Nijar suke kallo, ya mallaki MultiChoice. In masu sayarwa suna raguwa, mai saye ne ke rasa bakin magana.

Saboda haka ina roƙon Hukumar NBC ta tilasta a yi dikoda mai karɓar katin kowane kamfani. Iyayenmu kuma, kafin ku zaro kuɗi ku tambaya: in kuɗin wata ya ƙare, tasha nawa za ta rage? In na bar kamfanin, akwatin zai yi amfani? Mu kuwa ɗalibai, mu dage da darasin kimiyya, don wata rana a ƙera irin wannan na'ura a Gumel.

Allah Ya sa mu dace, amin.