Saratu gimbiya ce, mu muka mayar da ita 'yar aiki



Kowannenmu ya buɗe labarin da yake kan rubutawa, ya duba sunayen matan ciki. Tauraruwa dai Ilham ce, ko Afnan, ko Amira. To ina Saratu? In ma ta samu shiga, ita ce mai wanke-wanken da aka ɗauko daga ƙauye, ko uwar miji mai baƙin hali. Abin ya zame mana jiki har ba ma lura.

Sunan nan kuwa daga Ibrananci ya fito, ma'anarsa gimbiya, mace 'yar sarauta. Sunan matar Annabi Ibrahim (AS) ne, mahaifiyar Annabi Ishaƙa (AS). Alƙur'ani bai kira ta da suna ba, a Suratu Hud dai ya ba da labarin dariyar da ta yi sa'ad da mala'iku suka baƙunci mijinta, aka yi mata bushara da haihuwa. Amma sunan ya zo a hadisi cikin Bukhari. Ta Larabci ya iso mana, "tu" ɗin ƙarshensa kuma irin ta Aishatu da Hadizatu ce. Masu cewa sunan Yahudawa ne ko na Kirista sai su sassauta. Ana raɗa shi a gidan Kirista a Sabon Garin Gusau, ana raɗa shi a gidan Musulmi a Tudun Wada, kowa gadonsa ya ɗauka. A Attaura ma da Sarai aka fara kiranta kafin sunan ya canza, mu kuma da muka tashi gajarta Saratu, Sarai ɗin muka koma.

Suna ma yana da yayi, kamar atamfa. A Amurka, cikin shekarun 1980 da 1990, Sarah na daga cikin sunaye goma da aka fi sa wa 'ya'ya mata, daga baya ya yi ƙasa. A wurinmu kuwa ɓuya ya yi. Har gobe ana yanka rago a Bungudu a raɗa wa jaririya Saratu, don uba ya yi wa mahaifiyarsa takwara. Sai dai wace suruka ce za ta buɗe baki ta kira sunan uwar mijinta a tsakar gida? Nan take a lulluɓe shi da alkunya, yarinya ta tashi Ummi ko Walida. Ko fitacciyar Saratun Kannywood, marigayiya Saratu Giɗaɗo da ta rasu a watan Afrilun 2024, da Daso aka fi saninta.

Za a ce masu karatu sabon suna suke so. Mun yarda, labarin soyayyar 'yan jami'ar tarayya ta Gusau zai ɗauki Afnan lafiya lau. Amma yanzu da yawanmu muna rubutu kan matan da 'yan bindiga suka raba da gidajensu a ƙauyukan Tsafe. Matar da aka haifa a 'Yandoto a 1975, ta haifi takwas, ta kwana a daji da jikoki, in muka kira ta Nihal mai karatu ya daina gaskata mu tun daga shafin farko. Kuma ɗiyar da ke karanta mu a waya, wadda Saratu ke rubuce a takardar haihuwarta, tana ganin inda muke ajiye sunanta kullum.

Ga fitowa guda kyauta ga mai so. Ranar ɗaurin aure a Kwatarkwashi, maroƙi ya ɗaga murya ya ce an ɗaura auren Saratu, abokan ango da suka shekara uku suna jin Amira suka shiga kallon juna, ɗayansu har yana laluben katin gayyata a aljihu.