Kafin Ƙungiya Ta Sayi Injin Balansin

'Yan'uwa manoma, kowace shekara in an gama girbi, an sayar da riɗi da wake da gyaɗa, an biya bashin taki, tambaya ɗaya ce ke tasowa a taron ƙungiya: me za a yi da abin da ya rage a asusu? A dā amsar ba ta wuce injin niƙa, ko injin ban ruwa, ko shanun huɗa da amalanke. Yanzu kuwa samarinmu sun fara kawo sabuwar shawara. Suna cewa a sayi injin gwada ƙafar mota, wanda direbobi ke kira balansin, a buɗe rumfar taya a bakin titi, su sami abin yi da rani maimakon tafiya cin rani Kano ko Legas. Shawarar tana da kai, bai kamata dattawa su kore ta da dariya ba. Amma akwai abin da nake so mu duba tun kuɗin yana hannun ma'aji.

Bari mu fara da aikin injin, gama da yawa cikinmu mun taɓa biyan kuɗin balansin ba mu san abin da muka saya ba. Babu tayar da ke fitowa daga masana'anta nauyinta daidai ko'ina. Wani gefe yakan ɗara wani da kaɗan. Haka shi ma wili, watau ƙarfen da taya ke zaune a kansa. In kuma an yi faci, an ƙara nauyi ke nan a wuri ɗaya. Tsohuwa mai kaɗi ta san wannan sarai: in gululu ya fi nauyi gefe guda, mazari ba ya juyi lafiya, sai rawa. Aikin injin shi ne ya juya ƙafar, ya gano inda nauyin ya taru, ya faɗi giram nawa za a maƙala, da kuma wurin da za a maƙala shi, don ƙafar ta yi daidai.

Wani zai ce, ɗan nauyin da bai wuce ƙwan kaza ba, me zai yi wa mota? To, ga lissafi. A ɗauki ƙafar a-kori-kura mai tsayin santimita 70, a ce akwai ƙarin giram 50 a wuri guda a jikin tayar, kimanin nauyin ƙwai ɗaya ke nan. In motar tana gudun kilomita 100 a awa, ƙafar tana juyawa fiye da sau 12 a kowace daƙiƙa, kuma wannan ƙwai yana fizgar ƙafar da ƙarfin kilo 11, kusan tiya huɗu ta gero. Ya fizga sama, ya doka ƙasa, sau 12 kafin ka ƙifta ido sau biyu, tun daga Daura har Kazaure har Kano. Shi ne ke sa sitiyari kakkarwa a hannun direba. Shi ne ke cin taya wuri-wuri, ya gajiyar da boris da shokazoba, ya sa ƙafar ba ta kama kwalta sosai sa'ad da aka taka birki.

Amma a lura da ɗaya gefen lissafin. In aka rage gudun zuwa rabi, fizgar ba rabi take komawa ba, kashi ɗaya cikin huɗu take komawa. A kilomita 50 ba ta kai kilo 3 ba. A kilomita 25 ko kilo ɗaya ba ta kai. Saboda haka tarakta ba ta bukatar balansin, balle amalanke. Motar da aikinta bin turbar yashi ne tsakanin ƙauyukan Ɓaure da Zango, tana tafe tana nishi da buhuna, ita ma amfanin da za ta samu kaɗan ne. Masu bukatarsa su ne masu hawa kwalta da gudu: motocin haya na Katsina da na Kano, masu zuwa Kwangwalam bakin iyaka, masu ɗaukar 'yan kasuwa zuwa Mai'aduwa ran Lahadi. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana cewa sana'ar ta cikin gari ce da bakin babban titi. Ƙungiyar da ke nesa da kwalta, ta bar zancen nan ta koma kan injin niƙa.

Ga ƙungiyar da ke Daura ko kusa da titi kuwa, samari suna da hujja. Motoci sun ƙaru a garin, musamman tun 2019 da aka kafa Kwalejin Fasaha ta Tarayya, aka kuma aza harsashin Jami'ar Sufuri. Taya kuma ta yi tsada. Kamfanin Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya daina yin taya a Legas a 2008, tun daga nan tayar mota daga waje take zuwa mana, farashinta na bin dala. Da darajar naira ta faɗi a 2023, kowane mai mota ya ji a jikinsa. Mai hankali zai gwammace ya biya kaɗan a daidaita masa ƙafa, da ya sayi sabuwar taya tun lokaci bai yi ba. Ciniki dai akwai shi.

Inda nake jin tsoro daban ne. Injin niƙa in ya lalace, kafin azahar matan unguwa sun gaya maka, gama gari zai fito da tsaki. Injin ban ruwa in ya lalace, ruwa ba zai zo ba, kowa ya gani. Injin balansin kuwa in ya kauce, ba ya tsayawa. Fitilunsa za su kama, ƙafa za ta juya, zai rubuta lamba, a maƙala dalma, ya rubuta sifili, a karɓi kuɗin mutum. Sai ya wuce Sandamu ya ji sitiyari na rawa kamar dā, ko ma fiye. Mu manoma mun san sikelin da ya kauce, mun sha kuka da shi a wurin masu sayen riɗi. Wannan inji sikeli ne. A cikinsa akwai 'yan na'urori masu jin motsin sandar da aka ɗaura ƙafar a kai, kome ƙanƙantar motsin. Duk abin da ya girgiza sandar nan ko ya karkata ƙafar, injin zai lissafa shi a kan taya. Direba kuma ba ya dawowa ya yi ƙara. Tasha yake zuwa ya faɗa wa 'yan'uwansa, shi ke nan an yi wa rogo kallon kitse, kuɗin ƙungiya ya zama ƙarfe a ɗaki.

Don haka ya kamata shugabannin ƙungiya su san yadda aikin ƙwarai yake, ko da ba su za su yi ba, domin su iya gane wanda ke yi musu algus. Kafin a hau da ƙafa kan inji, sai a cire tsofaffin dalma duka, a kankare busasshen taɓo daga cikin wili, a ƙwaƙule tsakuwa daga zanen taya, a ba ta iska daidai. Taɓon damina da ya bushe a cikin wili yakan fi dalmar da za a sa nauyi. Sa'an nan a zaɓi ƙarfen nan mai siffar mazurari wanda ya dace da ramin tsakiyar wili, gama shi ne ke zaunar da ƙafar a tsakiyar sanda. Nan ne yawancin kuskure yake. In mazurarin bai dace ba, ko ba a ɗaure tam ba, duk abin da ya biyo baya banza ne. Daga nan a gaya wa injin awo uku: nisan wili daga jikin injin, faɗin wilin, da girmansa, wanda ke rubuce a gefen taya bayan harafin R, kamar 14 ko 15 ko 16. A rufe murfi, ƙafa ta juya 'yan daƙiƙu, injin ya ba da lamba biyu, ta ciki da ta waje. A juya ƙafar da hannu har fitilu su nuna wurin, a maƙala dalma a can sama. Wilin ƙarfe ana kafa masa mai ƙugiya, na alminiyam kuwa sau da yawa mai gam ake liƙa masa, bayan an goge wurin tas. A ƙarshe a sāke juyawa. Wanda bai sāke juyawa ya nuna maka sifili ba, bai gama aiki ba.

In injin ya nemi dalma mai yawan gaske, mai sani ba ya jibga ta kawai. Yakan sace iska, ya juya tayar rabin zagaye a kan wilin, ya sāke gwadawa. Yana kuma zuba ido sa'ad da ƙafar ke juyawa. Wilin da rami ya lanƙwasa, ko tayar Kwatano da ta yi ƙulu, babu dalmar da za ta gyara su. In kuma mota tana ja gefe ɗaya, taya na cinyewa ta baki guda, wannan aikin alaimen ne, inji daban. Dole mai rumfa ya iya cewa, "Malam, ciwon motarka ba nawa ba ne." Da wuya ne a ranar da ba a yi ciniki ba, na sani.

Sai kiwon injin. Ƙasarmu ba ta yi masa sauƙi ba. Yana son daɓen siminti mai kauri, shimfiɗaɗɗe, a kafe shi da noti. In aka ajiye shi a kan yashi ko katako yana lilo, lambarsa za ta riƙa sākewa a kowane juyi. Yana son ɗaki mai rufi, nesa da inda ake dukan taya da guduma. Ƙurar hunturu tana shiga wurin na'urar da ke ƙidaya juyin sanda, saboda haka a lulluɓe shi kowace yamma, a goge sanda da mazurarai kowace safiya, a ɗan shafa musu mai kaɗan. Kada a saki ƙafa mai nauyi ta faɗo a kan sandar, kada yara su zauna a kanta. Lanƙwasar da ido ba ya gani ta isa ta ɓata awo. Wuta kuma ita ce babbar abokiyar gaba. Wutar gari takan zo da rauni ko ta zo da ƙarfi fiye da kima, in kuma janareta ɗaya ke ɗauke da injin da kwamfaresa, duk lokacin da kwamfaresa ta tashi wuta takan yi ƙasa. In allon lantarkin ciki ya ƙone, sai an nemi mai gyara a Kano, wani lokaci ma ba a samun irinsa. Kuɗin sitabilaiza mai kyau, da daɓe, da rufi, da akwatin dalma na farko, duk a sa su cikin kuɗin injin tun farko. Kuma kowane inji yana da hanyar daidaita kansa da wata dalma ta gwaji, galibi mai giram 100. A ajiye ta da littafin injin a wurin da ba za su ɓata ba, a yi wannan daidaitawa duk sa'ad da aka gusar da injin, ko aka ga ya fara magana biyu.

Wata magana da ba a cika yi ba ita ce dalmar kanta. Guba ce. Ba mu manta da Zamfara ba a 2010, inda dalmar da ke cikin duwatsun zinariya ta kashe yara kimanin 400. Ƙasashen Tarayyar Turai sun hana sa dalma a ƙafar mota tun 2005, suna amfani da tutiya da ƙarfe. In ana samun irin waɗannan, su za a saya. In ba a samu ba, a tara tsofaffin a gwangwani mai murfi, kada yara su tsince su su yi wasa, kada a narka su a rumfa, mai aiki kuma ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci abinci ko ya ɓara goro.

To, ga shawarata. A fara da mutum, injin ya biyo baya. Ƙungiya ta zaɓi saurayi ɗaya mai natsuwa, wanda ya iya karanta lamba da rubuta littafin kuɗi, ta tura shi Katsina ko Kano ya zauna watanni a rumfar da ke da wannan inji. In ya dawo, makulli a hannunsa kaɗai, ladansa kuma ya zama kaso daga cinikin, domin injin da kowa ke taɓawa mun ga ƙarshensa a wurare da yawa. Kafin ya dawo, wasu biyu su zauna a bakin titin da ake nufi har mako guda, su ƙidaya motocin da ke tsayawa wurin masu faci, su tambayi direbobi inda suke yin balansin yanzu da abin da suke biya. Wataƙila lissafin ya nuna ya fi kyau a haɗa kai da mai facin da ya riga ya yi suna a wurin, ƙungiya ta kawo inji, shi ya kawo masu ciniki, a rubuta yarjejeniya a gaban shaidu.

Ranar saye kuwa, musamman in na hannu ne, saurayin nan shi zai je, da ma'aji, da ƙafar motarku ta wilin ƙarfe mai lafiya. A daidaita ta har injin ya nuna sifili. A sāke juyawa sau uku ba tare da an taɓa kome ba, a ga ko maganarsa ɗaya ce. Sa'an nan a kwance ƙafar, a juya ta rabin zagaye a kan sandar, a sāke ɗaurewa, a gwada. In bambancin bai wuce giram 5 zuwa 10 ba, a shiga ciniki. In ya nemi 30 ko 40, ma'aji ya mai da kuɗin aljihu, ku kama hanyar Daura.