Raddi ga Masu Cewa Ƙarfin Mota Sai da Shan Mai

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, hirar garejojin Potiskum ta koma kan abu ɗaya: wace mota ce ba ta shan mai. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta tsallake 1,000. A irin wannan hali duk wanda ya yi magana a kan inji ana kasa masa kunne, balle mai furfura. Akwai wani dattijon makanike a Dogo Tebo, wanda hannunsa ya san inji tun zamanin Fijo, da yake koya wa yaransa da direbobin da ke kawo masa aiki wata fahimta, har ta bazu ana maimaita ta a tasha. Ya ce ƙarfin mota daga mai yake fitowa, saboda haka duk injin da aka ce yana da ƙarfi kuma yana tattalin mai, tallar kamfani ce kawai. A kan wannan ya ɗora sauran shawarwarinsa: a guji ƙaramin inji, a cire injekta a sa kafireta, a zare tamosta, a zuba baƙin mai mai kauri. Ina girmama Baba, kuma na tabbata alheri yake nufi. Amma mutane suna aiki da maganar, suna asarar kuɗin da da gumi suka same shi, don haka dole a bi ta daki-daki.

Gaskiya ne ƙarfi daga mai yake. Abin da Baba ya tsallake shi ne nawa daga cikin man ke zama ƙarfi. Idan fetur ya ƙone a cikin silinda zafi yake bayarwa, kuma ba duk zafin ne ke tura fistin ba. Wani ya bi salansa ya fice, wani lagireto ya kwashe ya watsar, wani ya tafi a gugar ƙarfe da ƙarfe. A injinan kafireta na da, abin da ke komawa aiki bai wuce kashi 25 zuwa 30 cikin 100 ba, shi ma sai inji yana cikin mafi kyawun halinsa. Ke nan a kowace lita huɗu, kusan uku iskar gari suke ɗumamawa. Duk matar da ta bar murhun duwatsu uku ta koma murhun da ke tare wuta ta san itacen da ke dafa tukunya ɗaya a da yanzu yana raguwa har a ɗora ta biyu, domin zafin da ke tserewa aka tare. Aikin da injiniyoyi suka duƙufa a kai ke nan tun 1876, lokacin da Nikolaus Otto ya ƙera injinsa mai bugu huɗu a Jamus.

Ga motocin da Baba ya sani da hannunsa. Fijo 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975 injinta lita 2 ne, ƙarfinsa bai kai doki 100 ba. Corolla ta 2003, wadda ta cika titunanmu, injinta lita 1.8 ne, yana ba da doki 130. Idan kuma za a ce motocin ba iri ɗaya ba ne, mu ɗauki gida ɗaya. Camry ta 2003 mai fulogi huɗu tana da doki 157, kuma a ma'aunin gwamnatin Amurka tana shan kusan lita 10 a kilomita 100, wato kimanin tafiyar Potiskum zuwa Damaturu. Camry ta 2018, ita ma fulogi huɗu, tana da doki 203, tana shan kimanin lita 7 da rabi a wannan ma'aunin. Ƙarfi ya hau, shan mai ya sauka. Injin nata yana iya mayar da kashi 40 cikin 100 na zafin fetur zuwa aiki.

Babbar hanyar da aka bi ita ce matsi. Kafin fulogi ya ba da wuta, fistin yana matse iska da mai a saman silinda, kuma gwargwadon matsin, gwargwadon nisan da hayaƙi mai zafi zai tura fistin kafin a buɗe masa ƙofa. Matsin injin 504 bai kai ninki 9 ba, na Corolla 10 ne, na sabuwar Camry 13, kamfanin Mazda ma ya kai 14 a 2011. Abin da ya hana mutanen da yin haka shi ne, idan matsi ya yi yawa ragowar man yakan kama da kansa kafin wutar fulogi ta iso gare shi, sai a ji ƙarar ƙas-ƙas da ke cinye fistin. Yanzu ana fesa mai kai tsaye cikin silinda, yadda Mitsubishi ta shigo da shi kasuwa a 1996, feshin yana sanyaya iskar da aka matse. Sannan akwai wata 'yar na'ura a jikin inji da ke sauraron wannan ƙara, da ta ji ta sai kwamfutar mota ta jinkirta wutar fulogi kaɗan.

Batun ƙaramin inji kuwa, Baba ya ce ba zai ja kaya ba, kuma turbo wahalar da inji ne kawai. Na yi mamakin jin wannan daga bakin mutumin Potiskum, garin da tireloli ke lodin shanu daga kasuwar Laraba zuwa kudu. Waɗannan DAF da Howo duk turbo ke gare su. Gas suke sha, amma dabarar ɗaya ce, kuma tsohuwa ce, tun 1905 Alfred Büchi na Suwizalan ya yi mata rajista. Hayaƙin da zai fita a banza shi ke juya wata fanka, ita kuma ta cusa wa inji ƙarin iska. Inda iska ta ƙaru ana iya ƙona ƙarin mai, sai ƙaramin inji ya yi aikin babba a lokacin da ake bukata.

Tattalin yana zuwa ne a sauran lokutan, kuma su suka fi yawa. Ƙaramar mota da ke tafiya a natse a kan shimfiɗaɗɗen titi ba ta bukatar fiye da doki 20 zuwa 30. Babban inji a wannan hali yana tafiya ne da totur kusan a rufe, yana fafutukar zuƙar iska ta 'yar kafa, kuma wannan fafutukar da mai ake biyan ta, ga nauyi da gugar manyan ƙarafa. Ƙaramin inji yana yin wannan tafiyar da totur a buɗe sosai, asararsa kaɗan ce. A 2012 kamfanin Ford ya fito da inji mai lita 1 kacal, silinda uku, yana ba da doki 125, ya fi na 504 ƙarfi da rabin girmansa.

A nan Baba yana da rabon gaskiya, ba zan hana shi ba. Idan direba ya cika mota maƙil, ya danne totur har ƙasa daga Potiskum zuwa Azare, injin turbo zai sha mai sosai, domin a lokacin aikin babban inji yake yi, kwamfuta ma takan ƙara mai don sanyaya shi. Amma gudu ne ke cin man. Turjiyar iska tana kusan ninkuwa tsakanin gudun kilomita 100 da 140 a awa, kuma babu injin da ya tsira daga wannan, tsoho ko sabo.

Ko ba turbo ma an samu hanya. Haruffan VVT-i da ke kan murfin injin Toyota suna nufin lokacin buɗewa da rufewar bawul yana sauyawa da yanayin tafiya. A injin da, saiti ɗaya ne tun daga kamfani: idan an zaɓi na gudu, a hankali sai ya yi ɓarna, idan an zaɓi na tattali, a sama sai ya shaƙe. Yanzu inji ɗaya yana samun saitin tattali a cikin gari da saitin ƙarfi wajen wuce tirela.

Maganar da ta fi cutar da mutane ita ce ta kafireta. Hujjar Baba ita ce kafireta hannu ke saita ta, makanike na iya rage mata mai yadda ya so, injekta kuwa sai abin da kwamfuta ta ga dama. To, fetur yana ƙonewa sarai ne idan an haɗa nauyinsa ɗaya da nauyin iska 14.7. Iskar asubahin hunturu ta fi ta tsakar ranar Afrilu kauri, matatar iska tana toshewa da ƙura a hankali, lodi yana sauyawa kowace tafiya. Makanike ya murɗa sukurun kafireta sau ɗaya a gareji, mota ta tafi ta bar shi. Motar injekta tana da na'ura a bututun salansa, irin wadda Bosch da Volvo suka fara sawa a 1976, tana auna iskar da ta rage a hayaƙi, kwamfuta tana gyara feshin nozul a kowace daƙiƙa. Idan direba ya ɗaga ƙafa daga totur mota tana cikin giya, ana ma yanke man gaba ɗaya, abin da kafireta ta yau da kullum ba ta yi. Shi ya sa al'adar sa mota a firi a gangara ba ta da riba a motar injekta, ga hatsari.

Na san direbobin Golf da za su rantse motarsu ta rage shan mai bayan an mayar da ita kafireta, kuma ban ƙaryata su ba. Sai dai a tambaye su halin da injektar take ciki kafin a cire ta. Ba a kai lafiyayyar mota a yi mata wannan aiki. Wadda na'urar salansarta ta mutu, ko nozul ya toshe yana ɗiga maimakon feshi, ko aka fasa indomi, wato matatar hayaƙin da ke cikin salansa, aka tsinke wayoyin da ke kusa da shi, ita ake kaiwa. Kwamfutar da ta daina samun labari daga salansa takan koma ba da mai da yawa don kare inji. Abin da aka gwada ke nan da sabuwar kafireta, aka yanke wa injekta hukunci.

Sai tamosta. Baba ya ce an yi ta ne don ƙasashen ƙanƙara, mu da zafinmu ke wuce digiri 40 ba ma bukatarta. Zafin da inji ke so ya kai wajen digiri 90, ya ninka zafin Potiskum na bazara. Aikin tamosta shi ne ta kai shi wurin da wuri ta riƙe shi a can. Idan an zare ta, aka kuma haɗa fanka kai tsaye tana juyawa ba tsayawa, inji yakan daɗe bai kai zafinsa ba, musamman da hunturu da tafiyar dare, kwamfuta ta ɗauka yanzu aka tayar da shi, ta ci gaba da ƙara mai. Motar da ke zafi, a duba lagireton da ruwan rijiya ya toshe da gishiri, da murfinsa, da famfon ruwa, da fanka. Haka baƙin mai: injin da aka rubuta masa 5W-30 yana da siraran hanyoyi, kuma da matsin wannan man ake juya VVT-i ɗin kansa. Zuba masa 20W-50 yana ƙara masa nauyin juyi, yana jinkirta isar mai sama da safe.

Hujjarsa ta ƙarshe ita ce mafi ƙarfi: man da muke samu ba kullum yake da kyau ba. Haka ne. A Fabrairun 2022 an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol ƙasar nan, ya lalata motoci, kuma man galan na bakin titi yakan zo da ruwa ko datti. Injin da ke feshi kai tsaye bai jure wannan kamar 504, gyaransa kuma ya fi tsada. Wanda zai sayi irinsa ya san da haka, ya riƙe gidan mai ɗaya da ya yarda da shi, ya riƙa sauya matatar mai da ta iska a kan kari. Amma wannan hujja ce a kan ingancin mai da kula da mota. Ba ta taɓa tambayar da aka faro da ita ba, ta ko inji na iya haɗa ƙarfi da tattali.

Baba, roƙona gare ku ɗaya ne, saboda yaran da ke koyon aiki a hannunku. Motocin fetur da aka sayar a Amurka tun 1996, da na Turai tun 2001, suna da soket a kusa da sitiyari inda ake jona na'urar gwaji ta faɗi abin da ya lalace. Mafi yawan motocin da ke shigowa garejinku yanzu suna da shi. Idan direba ya zo yana kukan shan mai, a jona na'urar a duba ta salansa da ta zafin ruwa, a wanke nozul, a mayar da tamosta, a auna iskar taya, sannan ya cika tanki ya je Damaturu ya dawo a sake cikawa a ga lita nawa ta ci.